Shekarar da Na Ƙetarar da Dogo

Abba, Zainab, Maryam, wannan babin naku ne, kuma da Hausa zan rubuta shi ko da za ku yi ta tuntuɓe a kansa. Wanda ya kasa ya kai wa mamarku ta karanta masa, ita dai har yanzu Larabci bai cinye mata baki ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru watan jiya, da Zainab ta sa fim ɗin Dogo a zauren dangi na waya, ta rubuta a ƙasa wai kowa ya zo ya ji muryar Hajja. Kafin la'asar Gwaggonku Rabi ta bugo ta ce a cire, na kuwa jiyo Maryam tana gunaguni a kicin wai Gwaggo dama ba ta taɓa son abin Baba ba. Na yi shiru a lokacin, shirun kuma ya hana ni sakat. Fim ɗin nan minti shida ne. Biyar da 'yan kai muryar kakarku ce, babu ko tantama. Sauran, tun daga inda Dogo ya nausa cikin teku, muryar Gwaggonku ce, kuma ni na sa ta. Yadda aka yi haka da abin da ya jawo shi zan ba ku.

Ku kun san Dogo ne da zaƙo-zaƙon ƙafafu da 'yar hula a ƙeya, yana tsallake tsauni kamar kunyar dankali. Kafin ya zama zane tatsuniya ne, kafin ya zama tatsuniya kuwa ubana ne, Usman, wanda Abba ya ci sunansa. Shi da Inna, wato Hajjarku, sun baro ƙauyensu na ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar sauke farali, Yaya Rabi tana goye. Shekara bakwai suka yi a hanya, a yi damina a nan, a tsinci auduga a can, ni ma a bukkar wata gonar auduga ta Sudan aka yanke mini cibi. Da suka kai gaɓar teku kusa da Sawakin, aka loda ayarin cikin sambuk, jirgin katako mai tafiya da iska. Mai jirgi ya duba ya ce an yi nauyi, dole babba ɗaya ya sauka, ya nuna wata tsohuwa da ba ta da kowa. Baba ya sauka a madadinta. Ya ce wa Inna su je, yana nan tafe a jirgi na gaba. Shi ya tura sambuk ɗin da kafaɗa, sannan ya tsaya yana kallonmu, ruwa iya gwiwarsa. Shekarata uku a lokacin, ban riƙe komai ba. Wasu daga baya sun ce jirgi na gaba ya nutse, wasu sun ce an hango shi yana dako a Bur Sudan, amma babu wanda ya taɓa zuwa ya ce shi ya ga gawarsa.

Mutanen sambuk ɗin nan yawancinsu a unguwar Ammariyya ta Jidda suka yada zango, lungu ɗaya da mu, kuma su suka fara ƙara wa Baba tsawo. Duk shekara sai ya ƙaru da kamu guda. Kafin in yi wayo ya zama Dogo na Ayari, wanda in ƙishirwa ta kama mutane sai ya doka diddige a ƙasa rijiya ta ɓulle, wanda ya ciro raƙumi daga taɓon Chadi ya saƙale shi a hammata, wanda in rana ta take sai ya buɗe babbar rigarsa ayari duka ya shige inuwa. Yaran da ba su san ɗan wa nake ba suna ba ni labarinsa, su ce da ya zo teku ko jirgi bai nema ba, wando ya nannaɗe ya ratso. Inna ba ta taɓa ƙaryata kowa ba. Ita ce ma ta fi kowa iya ba da shi. In ta zauna da farantin gyaɗarta tana ɓara ta ce ga ta nan ga ta nanku, har manya sai sun matso kusa. Ba ta kama sunansa, ko Dogon ma ba ta faɗa, Mutumin take cewa, irin kunyar matan da. Sai dai duk tatsuniyar da ta yi takan rufe ta da ƙurunƙus, ban da wannan. In ta kawo shi bakin teku, ruwa ya zo masa gwiwa, sai ta karkaɗe zani ta ce kowa ya tashi haka nan.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Inna ba ta yi wa Baba takaba ba, don a wurinta ba a kawo mata labarin mutuwa ba. Malaman unguwa sun gaya mata tun ina ƙarami cewa tana da damar zuwa wajen alƙali a raba auren ta yi wani, manema kuma sun zo, ta ce ta ji ta gode. 'Yan kunnen azurfar da ya saya mata a hanya ba ta taɓa cire su ba, lalle kuma ba ya barin ƙafarta, kamar kowace matar aure. Duk ranar da aka ce jirgin Sudan ya iso, sai ta ɗauki farantin gyaɗa da daddawa ta nufi ƙofar tashar jiragen ruwa, wai can ciniki ya fi tafiya. Cinikin me, ta dawo da farantin kusan yadda ta tafi da shi. Dogayen maza take bi da ido. A cikin wannan zaman jiran muka girma, ni da Yaya Rabi.

Ni kuma na tashi da hannun zane. Allunan shaguna na fara rubutawa, har wani Bamisire da muke kira Usta ya ga aikina ya ɗauke ni a ɗan ɗakin aikinsa, inda ake zana tallan sabulu da na madara masu motsi don talabijin. Shi ya zama kafilina, wato mai tsaya mini a takardun zama, shi ya koya mini sana'ar. Tebur ne mai gilashi da fitila a ƙarƙashi, ka ɗora takarda a kan takarda, ka zana abu, ka ɗan gusa hannunsa ka sake zanawa, ka sake, ka sake. Zane goma sha biyu ke ba da motsin daƙiƙa ɗaya tal. Daga takarda a kwafe a kan leda garai-garai, a juya bayanta a shafa fenti, a jira ta bushe, danshin Jidda kuwa ba ya barin abu ya bushe cikin daɗin rai. Sannan a ɗora kowace leda a kan hoton fili a ɗauka da kyamara, ɗaya bayan ɗaya. Ku da kuke shafa waya abu ya motsa ba za ku gane wannan wahalar ba, ba kuma laifinku ba ne.

Usta yana da wata durowa cike da tsofaffin gajerun finafinan zane na Amurka, yakan kunna mana lokacin cin abincin rana, wai mu koyi yadda ake ba ƙafa nauyi in tana tafiya. Cikinsu akwai na tatsuniyoyin mutanensu da suka nausa jeji suka kafa garuruwa, ƙattan da baki ya yi ta ƙara musu ƙarfi har suka wuce gaskiya. Turancin ban ji ba, amma irin labarin na san shi tun ina goye. Na ajiye burodina da ful, dafaffen waken nan, na ce wa Usta ai mu ma muna da irin wannan, namu ma a ƙafa ya taho.

"Tayyib, to madalla," in ji shi. "Zana shi mu gani. In an tashi aiki tebur naka ne, kyamara kuma ranar Alhamis."

Shekara guda cur na yi a kansa. Na yi auren latti, kun sani, kuma a shekarar ce mamarku ta samu cikin Abba. Tana cewa in yaron ya zo zai ɗauka warin fenti shi ne ƙanshin uba. Raƙumin nan kaɗai sai da ya ci mini wata biyu, don ledojinsa sun manne da juna a wani makon gumi, na ɓamɓare su fentin ya biyo, na sake daga farko ina zagin raƙumi da wanda ya ƙaga shi. Hoton Baba babu ko ɗaya a duniya, saboda haka na je na tambayi Inna kamanninsa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce in duba madubi, in rage tumbi, in ƙara hankali. Da haka na zana fuskar da kuka sani.

Murya kuwa babu wadda za ta yi sai tata. Wata safiyar Juma'a na ɗauko rikoda na ajiye a gabanta.

"Auta," ta ce, haka take kirana, "tatsuniya da rana tsaka? Wa ya koya maka wannan?"

Na tashi na rufe tagogi na saki labule, na ce ga dare nan na kawo mata. Ta yi dariya har da tari, ta jawo farantinta. Ɓas-ɓas ɗin nan da kuke ji a ƙarƙashin muryar, wanda Abba ya taɓa cewa lalacewar kaset ce, ɓawon gyaɗa ne. Ta bi labarin tiryan-tiryan, rijiya, raƙumi, riga, har bakin teku. Ta ce ruwa ya zo wa Mutumin gwiwa. Daga nan ta yi shiru, kaset yana ta juyawa.

"Sai me, Inna?"

"Sai ka kashe abinka."

"Ai saura ƙarshe. Ki ce ya ƙetaro, ya sauke farali, shi ke nan ki rufe."

"Ka gan shi ya ƙetaro?"

"Tatsuniya ce fa, Inna. Rijiyar ma ai ban gani ba."

"Rijiya wasa ce, kowa ya sani. Wannan ba wasa ba ne. Mutum yana kan hanya zan rufe masa labari? Tashi ka buɗe mini taga, zafi nake ji."

Na haɗa abin da na samu na nuna wa Usta. Ya kalla har ƙarshe yana shan shayi, ya ga Dogo tsaye cikin ruwa hoto ya ɗauke, ya juyo ya dube ni.

"Ya Abdullah, wannan rabin fim ne. Ka ja mutane minti biyar ka bar su cikin ruwa? Iso da shi, halas, a gama."

Na sha cewa Usta ne ya tunzura ni. Ba haka ba ne, abin da ya faɗa ya tarar da abin da ke raina ne kawai. Na gaji da zama ɗan mutumin da ba a san yana raye ba, ba a san ya mutu ba. Marayun unguwa suna da kabarin da ake nuna musu, ni ko addu'ar da zan yi wa ubana ban sani ba, ta tsawon rai ko ta gafara. Ga shi zan zama uba, ina so in ba ɗana kakan da ya iso. Haushin Inna ma ina ji, yau na faɗa, don a ganina ta riƙe mu duka a bakin ruwan nan tare da ita. Saboda haka na zauna na zana ƙarshen da kuka sani. Dogo ya ratso teku kifaye suna zagaya ƙaurinsa, ya tako Jidda, ya ɗaura harami, ya sauke farali, ya kishingiɗa a inuwar wani dutse a Makka, Allah ya karɓi abinsa, alhazai suka taru suka binne shi. A duk rayuwata ban yi zanen da ya kai wannan kyau ba, kuma na sani tun a lokacin.

Saura murya. Yaya Rabi muryarsu ɗaya da Inna, in ta yi sallama daga ƙofa ko maƙwabta ba sa bambancewa. Na same ta a gidan aurenta a unguwar Kurayyat tana tankaɗe, na fara zayyana mata.

"A'a," ta ce tun ban dire ba. "Aib ne, Auta. Ni na gan shi tsaye a ruwan nan, kai ba ka gani ba. Ba zan kashe Baba da bakin Inna ba."

Sau uku ina zuwa. A na ukun na taɓa ta inda na san ba ta iya jurewa. Na tuna mata ita ta goya ni a lungunan Ammariyya lokacin da Inna take fita talla. Na ce ita tana da fuskarsa a idonta, ni ba ni da komai sai wannan zanen. Sannan na yi mata rantsuwa cewa Inna ba za ta taɓa jin wurin ba, in dai tana zaune a wuri, da ruwa ya zo gwiwa zan kashe. Ta daɗe tana kallon garin da ke hannunta. Ta faɗi maganar da na tsara mata sau ɗaya tak, har da ƙurunƙus ɗin, ta tashi ta shige ɗaki ba ta rako ni ba.

Fim ya kammala saura kwana kaɗan a haifi Abba, na ce to ranar suna za a fara nuna shi. Maza suna falon maƙwabcinmu, mata suna gidanmu, kamar yadda aka saba, namiji ba ya leƙa can ko shi ne mai gidan. Bayan an ci shinkafa na saki labule na kunna wa maza. Cikinsu akwai tsofaffi biyu da suka rage daga mutanen sambuk. Da Dogo ya saƙale raƙumi a hammata ɗayansu ya yi dariya har hularsa ta faɗi, yana cewa wallahi haka aka yi, a gabansa. Da aka zo binnewa ɗakin ya yi tsit. Tsohon ya share ido da bakin rigarsa ya ce Allah ya jiƙan Usman, ɗakin duka ya amsa da amin. Ban taɓa jin an yi wa ubana wannan addu'ar ba sai ranar. Wani sanyi ya sauko mini a ƙirji wanda ban taɓa sanin ina nemansa haka ba.

Ana cikin yi mini sannu da aiki, sai wata maƙwabciyarmu ta yi sallama daga bayan labulen ƙofa.

"Abu Usman, mata ma sun ce a ba su kaset ɗin. Hajja tana son ta ga abin da ya hana ɗanta zama a gida shekara guda."

Nan nake so ku karanta a hankali. Shekara da shekaru ina cewa mantawa na yi. Haka na gaya wa Gwaggonku, haka na gaya wa mamarku. Ban manta ba. Da kaset ɗin a hannuna na tuna rantsuwata sarai. Na san ba ni da hanyar shiga cikin mata in kashe, na kuma san Yaya Rabi tana can ƙuryar tsakar gida wajen tukwane, ba ta san me ake ciki ba. Na ce a raina bari ta ji sau ɗaya, ta ji yadda jama'a suke cewa amin, ko ta huta mu ma mu huta. Na miƙa kaset ɗin ta gefen labule.

Abin da ya faru a ciki mamarku ce ta ba ni, tana kan gadon jego tana kallon komai. Inna ta zauna a gaba, Abba a cinyarta. Ta yi ta dariya tana tsokanar muryarta, wai ashe haka take kamar ta tsohuwar akuya ba a gaya mata ba. Da ruwa ya zo wa Dogo gwiwa har ta ɗaga hannu za ta karkaɗe zani, sai ta ji muryar ta ci gaba. Hannun ya tsaya a sama. Matan ba su lura da komai ba, su a wurinsu Hajja ce take magana. Yaya Rabi ta jiyo muryar kanta ta taga, ta taho da gudu da ludayi a hannu, ta iso bakin ƙofa daidai lokacin da ake cewa ƙurunƙus. Nan mata suka juyo kan Inna, wannan ta ce ashe Hajja kin san ƙarshensa kika ɓoye mana, waccan ta ce ai ya dace, mutuwa a Makka, Allah ya jiƙansa. Inna ta dubi Yaya Rabi sau ɗaya. Ta amsa wa kowa da amin, ta miƙa jaririn ga uwarsa, ta ce za ta je ta yi la'asar.

Washegari da hantsi na shiga gaishe ta. Na tarar da ita zaune a kan tabarma cikin wani tsohon zani marar ado, 'yan kunnen azurfar suna cikin ɗan kwano a gefenta. Kunnenta ya yi mini wani iri, ban taɓa ganinsa haka ba.

"Inna, lafiya?"

"Lafiya lau. Takaba na shiga."

Na durƙusa. "Inna, zane ne. Ni na ƙaga shi a kan tebur. Ba wanda ya kawo labari. Yau ɗin nan zan goge wurin."

"Ka goge daga kaset. Kunnuwan matan fa? Mata cike da ɗaki sun ji bakina ya ce an binne shi, sun yi mini gaisuwa, na amsa. In fita gobe da lalle a ƙafa in ce musu me? In ce 'ya'yana ne suka yi ƙarya da muryata?"

Na fita na ɗauko limamin lungunmu. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi mata bayani a tsanake, cewa takaba ba ta hawa kan mace saboda zane, sai da labari tabbatacce ko hukuncin alƙali. Ta saurare shi har ya gama, ta ce ta ji ta gode. Da ya tafi ta kira ni.

"Auta, shekara talatin da bakwai ina zuwa bakin tasha ina jiran wanda zai kawo mini labari. Ashe a gida yake, ni na haife shi."

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi mini. Na fita na zauna a dakalin ƙofar gida na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro, baƙin suna na jiya suna wucewa suna yi mini barka.

Wata huɗu da kwana goma ta yi, ba ta rage ko yini ɗaya ba. Yaya Rabi ta kwaso kayanta daga Kurayyat ta tare a ɗakin, ita ke dafa mata, ita ke wanke mata. A cikin dangi maganar ta fita cewa muryar ƙarshen ta Rabi ce, aka yi ta cewa yaya babbar 'ya za ta yi wa uwarta haka, shi Auta ai mantawa ya yi da abin da ke ƙarshen kaset ɗin, ga hidimar suna. Gwaggonku ta ji duk wannan ta haɗiye. Ba ta taɓa gaya wa kowa sau nawa ta ƙi ba, ba ta taɓa faɗin rantsuwar da na yi mata ba. Ni kuma na bar ta ta ɗauki laifin, don ya fi mini sauƙi. Wannan ya fi miƙa kaset ɗin ba ni kunya. Saboda haka, Maryam, in Gwaggo ta ce a cire fim, ba ƙin abin Baba take yi ba. Muryarta take ji tana binne ubanta.

Da Inna ta fita takaba aka yi sadaka, ta yi wanka ta sa sabon zani. Tashar jiragen ruwa ba ta sake zuwa ba. Ta ɗan yi ƙiba, ta fara barcin rana, ta shiga zuwa bukukuwan da da ba ta zuwa. Mamarku har yau tana cewa ni na kwance ta daga turken da ta ɗaure kanta, kuma sau da yawa ina so in yarda. Mai yiwuwa ma gaskiya ne. Amma ko da haka ne, jiran nata ne, ita ke da ikon cewa ya isa, ba ni ba. Na ɗauke mata shi a gaban mutane, da muryarta, a ranar da ba za ta iya musawa ba sai ta tona 'ya'yanta. Na roƙi gafararta ta ce ta yafe, na kuma san ta yafe ɗin, don Inna ba ta faɗin abin da ba haka ba. Sai dai ban gaya mata cewa da sanina na miƙa ba, har ta koma ga Allah shekara goma sha ɗaya bayan nan. Abin da ta yafe mini mantuwa ce.

Ta ci gaba da yi muku tatsuniya, kun tuna, kuna zagaye da farantin kuna satar gyaɗa kuna amsa mata da Larabci tana cewa ku mayar da bakinku gida. Wata rana, Abba yana da shekara biyar, na dawo daga aiki na tsaya a bakin ƙofa ina cire takalmi. Na ji ya kama gefen zaninta yana cewa Hajja, Dogo, abga Dogo, shi na Dogo yake so. Ta ɓare gyaɗa ɗaya ta sa masa a baki, ta shafa kansa.

"Wannan ta babanka ce yanzu, maigidana. Je ka ya kunna maka."

Ya taho da gudu ya kama hannuna mai fenti, na kai shi falo na kunna masa.